Ɗanyar Randar Marainiya

Kai mai rubuta wa yara littattafai, na lura duk marayun da ke cikin labaranka su kaɗai suke kokawa da duniya har su kayar da ita, ba aboki, ba maƙwabci. To gyara zama ka ji wannan misali.

Wata maginiyar tukwane ta rasu a ƙarshen bazara. Ta bar 'ya ɗaya budurwa, wadda dama ba ta tashi da uba ba, ta kuma bar ɗaki cike da ɗanyun tukwane da ba ta kai ga gasawa ba. A cikinsu akwai wata babbar randa, aikin hannunta na ƙarshe, a wuyanta ga shatin babban yatsanta da takan danna wa duk abin da ta gina. Al'adar maginan unguwar, gashi ɗaya suke yi tare a fili bayan gari kafin ruwa ya sauka, kowace mace ta kawo kayanta da makamashinta. Abin da bai shiga wutar nan ba, damina na kamawa sai ya sha danshi ya ruguje. Matan suka ba yarinyar shawara ta bari a farfasa tukwanen a jiƙa, a mayar da su yumɓu, tunda mai su ta tafi. Ta ce atafau. Ta san wuta ce kaɗai za ta tsayar da shatin yatsan uwarta a duniya, ta kuwa ƙudurta sai randar nan ta ga wuta.

Sai dai tun zaman makoki kunnenta ya ƙoshi da “Allah sarki, marainiya”, har ta tsani kalmar, ta ɗaure wa ranta ba za ta karɓi taimakon kowa ba. Tana da ƙawa 'yar ruga mai tallan nono, wadda tun suna ƙanana suke sha a ƙwarya ɗaya. Da ƙawar ta ji labari, ta ɗoro kwandon busasshen kashin shanu a kan ƙwaryar nononta ta kawo, don shi ne ke riƙe wutar gashi. Marainiya ta ce ta koma da abinta, ita ba bara take yi ba. Ƙawar ta ɗauki kwandonta. Ta zagaya bayan danga ta juye, washegari ta sake kawowa ta juye. Kunya gare ta, amma naci ya fi kunyar yawa.

Ranar gashi, marainiya ta yi ta jigilar ƙananan tukwane cikin kwando da ƙaiƙayi, ita kaɗai, har ƙafarta ta yi bororo. Da ta zo kan manya, sai ta kama wani tulu ta baki za ta aza a gammo, yadda ta saba ganin uwarta na yi. Ta manta gasasshe uwar ke ɗauka haka. Bakin tulun ya ɓalle a hannunta, sauran ya zube ƙasa ya zama gari. Nan ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, don ta gane in ta taɓa randar haka za ta yi. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga mata can sun kusa gama jera kayansu, ba kuwa za su jira kowa ba.

Tana cikin haka ƙawar ta shigo, ta ajiye ƙwarya, ta cire mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa. Ta ce, “Ni ba tausayinki na zo ji ba. Kama can, in kama nan.”

Marainiya ta share ido ta kama. Suka mirgina randar a hankali kan mayafin, kowacce ta riƙe gefe biyu, suka fita suna daidaita taku, in ɗaya ta gaji ɗaya ta tsaya. Da suka isa fili, karan da marainiya ta tara bai rufe ko rabin kayanta ba. Sai ga amfanin tarin nan na bayan danga da ta raina. Su biyu suka koma suka kwaso shi suka lulluɓe randar har wuya. Aka cinna wuta, hadarin ya yi ta gurnani bai zubar ba sai da toka ta huce.

Da aka tono randar, marainiya ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta yi ƙara garau, ba tsaga ko ɗaya. Ta shafa wuyanta, ga shatin yatsan uwar ya yi ja ya kafe, ruwa ba zai ƙara iya share shi ba. Ruwan farko da ta tara a ciki, ƙawarta ta fara miƙa wa moɗa kafin ita ta kurɓa.

Don haka in za ka sake rubuta maraya, ba shi zuciya yadda kake so, amma ka ba shi mai kama masa ɗaya gefen. Hausawa sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.