Akwatin da Ba Ya Rufuwa

Ɗan ajinmu yana danna maɓallin, akwatin tambayata ya bayyana a fuskar kwamfuta.

Duk damina na yi ina rubuta manhajar nan. Ya zare faifan da take ciki daga jakata, ya goge sunana ya sa nasa. Ubansa ke da makarantar kwamfutar, wa zai saurari ɗan leburan reluwe? Yau wata mata ta zo Kafanchan daga Kaduna za ta ɗauki ɗalibi ɗaya aiki, shi aka tura gaba.

Jiya da aka sa ni shara a ɗakin kwamfuta, na ƙara wa manhajar akwati ɗaya. Ban yi masa maɓallin sokewa ba, kuma ba abin da zai motsa sai an ba shi amsar da yake jira.

"Wane suna kake kiran wanda ya rubuta ni?" in ji akwatin.

Ya buga sunansa, akwatin ya ƙi. Ya kashe ya kunna, akwatin ya dawo.

"Samari, ba aikinka ba ne?" matar ta ce. "Amsa mana."

Ya waiwayo yana gumi. "Haba, ɗan'uwa."

Yau na zama ɗan'uwa.

"Ai ka san amsar," na ce.

Da yatsa ɗaya ya buga abin da yake kirana tun muna sakandare. Manhajar ta buɗe da manyan baƙaƙe: SANNU DA ZUWA, JAKIN RELUWE.

"Wane ne Jakin Reluwe?" matar ta tambaya.

Ban taɓa amsa sunan nan ba. Na miƙe.