Warin Ɗakin Laminu

Habsatu ta sake buga ƙyauren da gindin tsintsiya. "Laminu! Ka buɗe ɗakin nan ko in ci mutuncinka!"

Autan nata ya leƙo da kai kawai, ya tare ƙofar da jikinsa. "Inna, zan share. Wallahi zan share." Wani wari ya biyo bayansa, na jiƙaƙƙen tsumma da taba gari, har sai da ta ja baya ta toshe hanci da bakin mayafi.

Abin ya ishe ta. A shekarun nan da aka samu 'yancin kai, gyaɗa na kuɗi, kowa na son a ce ya waye, babu gida a Tasawa da ya kai nata tsabta. Tsakar gida sumul, randa da murfi, tasoshi na ƙyalli a jere. Tun da aka maido mijinta daga Mayahi aikin biro, wato ofis, matan unguwa ke ce mata Madam, ita kuwa ta bar su a kan cewa ɗiyar babban gida ce. Baƙon ƙauye ba ya wuce zaurenta. Ko a lokacin kaka, da wani tsoho ya zo daga Kanan-Bakashe a kan jaki, ƙafa ɗaure, ƙudaje na binsa, maƙwabciyarta Saudatu na tsaye tana kallo, cewa ta yi mai aikin gonarsu ne. Ta aika masa fura, ta ce ya juya kafin rana ta yi zafi.

To, mace irin wannan ce ɗan cikinta ya tashi kunyatawa. Ɗakinsa na jikin zaure, ƙofa na kallon hanya. Yaro ɗan kwalej, wanda da can ko takalmansa a jere suke, kwatsam ya lalace. Ya samo kwaɗo, in zai tafi lakwal, wato makaranta, ya datse ƙofar, makulli a wuya. Ya daina cin tuwo a cikin gida, sai ya ɗauki akushi ya shige ɗakinsa, ya dawo neman ƙari kamar wanda ya wuni noma. Ta tsinci tsummokara masu ɗoyi shanye a bayan ɗakin. Ta ji tari mai nauyi ta bango. Ta ce shi ke nan, yaro ya fara taba.

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta rantse za ta kai ƙara in babansa ya dawo daga ƙauyukan da yake zagawa da masu sayen gyaɗa. Laminu dai kai a ƙasa. "Ki yi haƙuri, Inna, saura kaɗan." Saura kaɗan mi? Shara ce ko ginin rijiya?

Ana cikin haka sai malamar da ke koya wa mata tsabta da renon yara ta zaɓi gidan Habsatu. Ranar Laraba za ta kawo matan unguwa su ga yadda ake riƙon gida. Habsatu ta yi murna har kunne, sannan ta tuna da ɗakin Laminu. Duk wanda zai shiga gidanta sai ya bi ta gaban wannan ƙofa.

Ta tsare Laminu a bakin randa. "In Laraba ta yi ɗakin nan na wari, ba ni ba kai." Ya dubi fuskarta, ya juya ya koma ɗakinsa.

Ranar Laraba ta tashi ta yi shara har hanya, ta yayyafa ruwa, ta turara zaure. Ta je ɗakin. Kwaɗo a datse, yaro ya sulale lakwal. Haushi ya kama ta, amma mata sun riga sun doso, malamar na gaba.

Da sun wuce da an rabu lafiya. Sai Saudatu, wadda tun tuni take neman inda Madam za ta yi tuntuɓe, ta ja ta tsaya tana shinshina. "Kai! Wanga ɗaki fa, Madam? Akuya ta mutu ciki ne?"

Mata suka tuntsire da dariya. Kunya ta rufe Habsatu, ta ga mutuncinta na zubewa a ƙofar gidanta. Nan take ta yanke shawara, in za a yi dariya, a yi wa yaron, ba ita ba.

"Ɗakin ɗana ne," ta ce da ƙarfi. "Samarin yanzu! Ku tsaya ku ga yadda ake koya musu hankali."

Ta ɗauko taɓarya ta sheme kwaɗon, ta hankaɗe ƙyaure, ta kutsa da tsintsiya a hannu, mata na turereniya a bayanta.

Tabarmar Laminu na ƙasa a lungu, littattafansa a matashin kai. A kan gadonsa, bisa wankakken zane, tsohon nan ne na Kanan-Bakashe kwance, ƙafarsa da kurkunu ya ci an wanke an naɗe ta tsaf, ga maganin gidan likita da sauran tuwo a gefe.

Saudatu ta ce, "Wane ne wanga?"

Tsohon ya yunƙura ya zauna. Ya dubi matan, ya dubi Habsatu sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, bayin Allah. Mai aikin gonarsu ne ni. Yaron ne ya ji tausayina. Madam ba ta sani ba."

Tsintsiya ta suɓuce daga hannun Habsatu. Ta tsaya ta rasa inda za ta sa ido, tana jin uban da ya haife ta yana yin ƙarya don ya rufa mata asiri.