Wankan Farko

"Jaririn da sanyi ya kama ba ya karkarwa," in ji malamar asibitin. "Shiru kawai zai yi, ya ƙi nono. Don haka kada a yi masa wanka sai ya kwana ya wuni. A goge shi, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa."

Wata tsohuwa da ake kira Lalla don girmamawa, wadda ta rako matar ɗanta mai tsohon ciki, ta ajiye kofin shayin da ke hannunta. Shekara biyu ke nan da ta karɓi haihuwar jikanta na fari, ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar dutse. Da hannunta ta wanke shi tas, kamar yadda ta wanke 'ya'yan rabin ƙauyen. Ya yi shiru, ya ƙi nono, bayan kwana biyu ya koma. Tun daga nan babu taron da ba ta faɗa ba cewa nonon matar ɗan nata ne ba shi da kyau.

A hanyar gida ta kasa haɗa ido da ita. Da suka wuce masallaci, tsohuwar ta kira ta.

"'Yata, kin ji abin da matar nan ta ce?"

"Na ji, Lalla."

"Ashe ni ce sanadi, nake ta ɗora miki."

Yarinyar ta gyara mata mayafin da iska ta zame.

"Tun a satin likita ya gaya min. Na ga kin fi ni kuka, shi ya sa na yi shiru. Taka a hankali, Lalla, akwai santsi."