Hancin Ɗan Aladen Rifkatu

Tun da rijiyoyin Zonkwa suka ƙafe, aladu ne ke nemo wa mutane ruwa. Su shinshina ƙasa, inda suka tona nan ake haƙa. Rifkatu na da alade mace wadda duk unguwa ke shan ruwa albarkacinta, sai aladen ta mutu ta bar ɗa guda.

Da safe Rifkatu ta goya shi da zane zuwa wurin Yunana, likitan dabbobi. Ɗan aladen yana ta atishawa, jini na ɗiga daga hancinsa da ya karkace.

Yunana ya haska cikin hancin da tocila.

"Mama, dafin ƙwayar cuta ya cinye ƙashi da guringuntsi. Allura za ta kashe cutar, amma abin da ya narke ba ya dawowa."

"Zai ji ƙamshin ruwa?"

Likitan ya jiƙa tsumma ya kai masa hanci. Ɗan aladen bai ko motsa ba.

A ƙofar gida maƙwabta na jiranta da diga da shebur. Ta sauke ɗan aladen, ta durƙusa.

"Nema, ɗana. Don Allah nema."

Ya ɗan taka, ya yi atishawa, ya kwanta don gajiya. Mazan suka kalli juna, suka ɗaga shi a hankali, suka fara haƙa wurin da ya kwanta.