Ɗigo Ɗaya a Kan Tagulla

"Zubar da baƙin ruwan gawayin nan," in ji Farfesa a ɗakin gwaje-gwaje. "Ki haɗa wani da sinadarin kwalba. Gawayin ƙauye datti ne, na'ura ba za ta nuna miki ƙwayoyin sinadarin kabon da muke nema a ciki ba."

"Malam, ba ni zubarwa," in ji ɗalibarsa. "Shi za ni sakawa."

Ta sake tace shi, ta sirka har baƙin ya washe. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan faifan tagulla da bai kai ƙwayar dawa ba, ta jira ya bushe. Ta zura faifan cikin na'urar hangen abin da ya fi ƙarfin ido.

Allo ya yi toka-toka. Can sai ga ɗige-ɗige birjik, kowane a ware, kamar an watsa iri.

Farfesa ya gyara tabarau. "Wannan gawayin mene ne?"

"Geron babana ne. Rumbunmu na Gatawa da 'yan bindiga suka banka wa wuta, suka rantse ko ƙwaya ba za mu sake gani ba."

Ta jawo masa kujera.

"Bismillah, Malam. Taya ni ƙirga."