Bakin Aro

Tun da aka hana direba hawa titi sai likitan haƙori ya duba bakinsa, Ɗanjuma yake ɓoye dasashinsa mai zubar da jini. Ranar sabunta lasisi ya tura ƙaninsa Sabi'u, da suke kama kamar an tsaga kara, ya shiga wurin likitan da sunan Ɗanjuma. Ha'inci ne, kuma ya sani.

Sabi'u ya fito da takarda, ya miƙa masa.

"Yaya, sun hana. Wai gwajin baki ya nuna ciwon sukari ya fara cin ƙodarka."

Ɗanjuma ya dubi takardar. Sunan nasa ne, amma bakin da aka duba na Sabi'u ne.

"Koma ka faɗa musu sunanka, su yi maka magani."

"Kama ka za su yi, Yaya."

"Na ce koma."