Akwatin Taransifomar Masallaci

Abarshi ya huda murfin akwatin ƙarfen, ya busa garin ƙarfen da ya taru, ya kifa shi. Abin murɗa taransifomar ya leƙo ta ramin daidai wa daida.

Taransifomar ta masallacin unguwarsu ce, a Ƙonni. Wutar unguwar takan yi sanyi da rana, lasifika ta riƙa shaƙewa, sai ladan ya murɗa ya ƙaro mata ƙarfi. Tsirara take, wayoyin tagulla duk a fili, shi ya sa liman ya ce a yi mata gida tun ba ta kashe wani ba. Aka kawo wa Abarshi mai gyaran rediyo, ya kuwa karɓa hannu bibbiyu, don yana da tasa manufar.

Juma'ar da ta wuce lasifikar, wadda shi ya taɓa gyarawa, ta ɗauke ana tsakiyar kiran salla. Bawa ladan, mutum mai baki kamar reza, bai san ta dawo ba ya saki harshe: "Wanga aikin Abarshi na! Makaniken banza, ko tocila bai iya gyara!" Unguwa kaf ta ji, har matan da ke daka a bayan katanga. Tun daga ranar sunan ya bi Abarshi, ko shayi ya je sha sai ya ga ana ƙunshe dariya. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Mahaifinsa, Malam Illo, yana zaune kan buzu a ƙofar shagon kamar kullum. Shi ne ya yi wa masallacin ladanci da tsurar murya kafin zuwan lasifika, har ciwon ƙirji ya zaunar da shi.

"Bar shi da halinai, ɗana," in ji tsohon. "Aikinka shi za ya ba shi amsa." Ya shafa gefen akwatin, fuskarsa cike da alfahari.

Abarshi ya ce to. Da tsohon ya juya, sai ya fere bakin wata waya ja, ya cusa ta ƙarƙashin kusar da ke riƙe da murfin, ya ɗaure tamau. Ba kisa ya nufa ba, Allah ya sani. So yake Bawa ya taɓa akwatin ya ƙwala ihu a lasifika, unguwa ta samu sabon abin dariya. Ya jona wuta ya gwada da bayan hannu, yana tsaye kan katako da takalmin roba. Ɗan zir ya ji, bai fi cizon cinnaka ba.

Da hantsi ya kai akwatin masallaci, ya tuɓe takalmi ya shiga ɗan ɗakin ladan. Simintin ya yi wa tafin ƙafarsa sanyi. Ashe wurin ba ya rabuwa da laima, don daga alwala ladan yake shigowa, hannu da ƙafa na ɗiga. Abarshi ya tsaya yana kallon ƙasan. Ya san abin da wuta take yi wa jiƙaƙƙen mutum mara takalmi. Har ya laluba aljihu zai ciro sukudireba, sai muryar nan ta dawo masa a kunne, makaniken banza. Ya kafa akwatin a bango, ya jona, ya ja ƙofa, ya rataye makulli inda ake rataye shi.

Ya koma shago ya kasa aiki. Ya buɗe wata rediyo ya rufe, ya sake buɗewa. Buzun ƙofa babu kowa, bai ma kula ba, hankalinsa na kan inuwar bango da ke ta tsukewa. Sau biyu yana miƙewa zai je ya cire wayar, sau biyu yana komawa ya zauna, yana ce wa kansa ai Bawa ƙato ne, ɗan girgiza ba zai yi masa komai ba.

Rana ta karkata. Lasifika ta yi ƙara alamar an kunna ta, Abarshi ya kasa kunne. Sai ƙwan fitilar shagon ya dushe, ya yi ja, ya daɗe a haka. Ba ihu, ba kira, sai wani gurnani mara daɗi da ke fita daga saman masallacin.

Abarshi ya watsar da rediyon. Ya fito a guje, ya yi kiciɓis da wani babur da ya ci birki a gabansa. Mai babur ɗin ya sauke rawani daga bakinsa. Bawa ne, lafiyarsa lau.

"Abarshi, lahiya? Har yanzu ba a yi kira ba? Ni tun sahe ina Dogarawa wajen ta'aziyya. Tsohonka na bar ma kiran, shi yac ce shina son ya zan na hwarko da za ya taɓa aikin ɗanai."